Darasi na Goma Sha Huɗu: Dokokin Ɗaukar Kaya Masu Saurin Kama Wuta a Jirgin Ƙasa

Ku sani, ya ku ɗalibai, duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin dogo yana jiran jirgin kaya ya wuce, ya ga manyan tankuna suna bin juna tamkar ayarin raƙuman Azbin, to, ya ga abin da amfaninsa ga jama'a ba ya lissaftuwa, wanda kuma idan aka yi gafala da shi yana iya shafe unguwa guda kafin ladan ya ƙare kiran salla. Tanki ɗaya daga cikin irin waɗanda ake aiki da su a Amurka da Kanada yana cin mai fiye da lita 100,000, wato kimanin abin da tankar mota uku za su ɗauka, jirgi guda kuwa yakan ja irinsa 70 ko 100 a tafiya ɗaya. Saboda haka ne hukumomin ƙasashe suka kewaye wannan sana'a da ƙa'idodi masu yawa, waɗanda mai karanta su a takarda zai ɗauka tsanantawa ce kawai ta ma'aikatan ofis, alhali kuwa da wuya ka sami aya guda a cikinsu wadda ba bayan wata musiba aka rubuta ta ba. Don haka a wannan darasi za mu ɗauki waƙi'a guda mu bi ta daki-daki, mu ga kafofin da ɓarna ta shigo, sa'an nan mu ga yadda doka ta zo ta toshe su. Amma kafin nan wajibi ne mu san abin da ake nufi da kaya masu saurin kama wuta.

Tun a 1956 Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da kundin shawarwari game da sufurin kaya masu haɗari, wanda ake ta sabunta shi har yau, kuma daga gare shi mafi yawan ƙasashe suka ciro dokokinsu. Kundin ya kasa waɗannan kaya aji 9. Aji na 1 shi ne na abubuwan fashewa irin su nakiya, na 2 na iskar gas, na 3 na abubuwa masu ruwa-ruwa da ke kama wuta, na 4 na daskararru masu kama wuta, haka dai har zuwa guba da ruwan batir da makamantansu. Aji na 3 shi ne abin nazarinmu, domin a cikinsa fetur da kananzir da man dizal da ɗanyen mai suke. Abin da ya kamata ɗalibi ya riƙe shi ne, haƙiƙa ruwan man ba shi ke ci da wuta ba, tururin da ke tashi daga samansa shi ke kamawa, kuma kowane irin mai yana da matakin zafin da in ya kai shi sai ya soma fitar da tururi isasshe wanda tartsatsi guda zai kunna. Na fetur yana can ƙasa da daskarewar ruwa da digiri 40 ko fiye, ma'ana babu wani sanyin hunturu da zai hana shi kamawa. Na kananzir kuwa yana farawa ne daga wajen digiri 38, abin da mutanen ƙasashen sanyi ke ganin da sauƙi. Amma mu da muka san bazarar Sakkwato da Maiduguri, inda zafi ke haura digiri 40 a inuwa, ya kamata mu fahimci cewa a irin wannan lokaci kananzir ɗin da muke raina wa ya riga ya tsallake matakinsa. Ƙa'ida ta ce duk mai ruwa-ruwan da matakinsa bai wuce digiri 60 ba ɗan aji na 3 ne, sa'an nan ta sake kasa ajin daraja uku: ta ɗaya mafi tsananin haɗari, ta biyu matsakaiciya, ta uku mafi sauƙi. Ku riƙe wannan rabo, za mu komo gare shi.

Kowane irin kaya kuma an ba shi lamba mai alƙalami huɗu wadda ba ta sauyawa daga ƙasa zuwa ƙasa: fetur 1203, kananzir 1223, man dizal 1202, ɗanyen mai 1267, gas ɗin girki 1075. Wajibi ne a manna wa tanki jan allo mai kusurwa huɗu wanda aka tsayar bisa tsininsa, da zanen harshen wuta a sama da lambar aji a ƙasa. A ƙasashen Turai da waɗanda ke bin yarjejeniyarsu ta sufurin dogo, akan ƙara wani allo mai launin ruwan lemo, lambar haɗari a sama, lambar kaya a ƙasa, har idan ka ga 33 bisa 1203 ka san fetur ne, domin maimaita alƙalami alama ce ta tsanantar haɗari. Hikimar wannan a fili take: ɗan kwana-kwana da ya iso wurin haɗari da tsakar dare, wanda ba ya iya kusantar tanki, wanda kuma wataƙila bai san harshen ƙasar da kayan suka fito ba, yana iya hango lamba daga nesa ya san ko ruwa zai zuba, ko kumfa, ko kuwa jama'a zai kora.

To, ga waƙi'ar. A jihar Kebek ta ƙasar Kanada akwai wani ƙaramin gari a bakin tafki mai suna Lak-Megantik, wanda mazaunansa ba su wuce kimanin 6,000 ba, dogo kuwa ya ratsa ta tsakiyarsa. Ranar Juma'a 5 ga watan Yuli, 2013, wajen ƙarfe 11 na dare, wani jirgin kamfanin Montreal, Maine and Atlantic ya tsaya a ƙauyen Nant, kimanin kilomita 11 daga garin, yana janye da tanki 72 na ɗanyen mai da aka ɗebo daga Dakota ta Arewa a Amurka za a kai matatar mai ta Sen Jon. Tsawon jirgin ya kusa kilomita ɗaya da rabi, nauyinsa ya haura tan 10,000, kuma mutum ɗaya tak ke tafiyar da shi, domin kamfanin ya sami izinin yin haka. Daga Nant zuwa Lak-Megantik gangare ne. Akwai ɗan layin gefe a wurin wanda aka sanya wa ƙarfen da ke kayar da tarago in ya kuɓuce, amma kamfanin ya mai da shi ma'ajiyar wasu taragu, sai aka saba barin jirage bisa babban layi, inda babu abin da zai tare su.

Jirgin ƙasa yana da birki iri biyu. Akwai birkin iska, wanda ke aiki muddin injin kan jirgi yana hura masa iska, akwai kuma birkin hannu, wani ƙarfe mai kama da sitiyari da ke jikin kowane tarago, wanda ake murɗawa ya ja sarƙa ta matse ƙafa. Ƙa'ida ta ce in za a bar jirgi babu kowa, birkin hannu kaɗai za a dogara gare shi, kuma sai an jarraba shi bayan an saki dukkan birkin iska, a ga ko zai riƙe. Direban ya ɗaura birkin hannu 7, alhali ƙa'idar kamfanin kanta ta ce kada a gaza 9, masu bincike kuwa daga baya suka lissafa cewa abin da ake bukata tsakanin 17 ne da 26. Da ya zo jarrabawa kuma bai saki birkin iska na kawunan jirgin ba, sai ya ga jirgi ya tsaya cak, ya zaci birkin hannu ne ya riƙe shi. Ya bar kan jirgi na gaba a kunne, ya tafi masauki ya kwanta.

Shi kuwa wannan kan jirgi da ma yana da larura, domin watanni kafin nan an yi wa injinsa gyaran gaggawa wanda bai inganta ba, kuma a wannan yini ya yi ta fitar da hayaƙi da feshin mai. Kafin sha biyun dare wuta ta kama a bututun hayaƙinsa. 'Yan kwana-kwanan ƙauyen suka zo suka kashe injin, kamar yadda aka koya musu, suka kashe wutar. Kamfanin ya turo musu ma'aikacin gyaran dogo wanda bai san aikin kan jirgi ba, kowa ya gamsu an gama, aka watse. Babu wanda ya tuna cewa da mutuwar injin, iskar birki ta daina samun mai ƙara ta. Ta yi ta sulalewa sannu a hankali har kimanin sa'a guda. Gab da ƙarfe 1 na dare jirgin ya motsa, babu fitila, babu mutum, ya kama gangare yana ƙara gudu, har ya iso kwanar tsakiyar gari da ƙarfe 1:15 yana gudun kilomita 105 a sa'a. Tanki 63 suka goce daga kan dogo, mafi yawansu suka fashe, mai kimanin lita miliyan 6 ya malala cikin tituna da magudanan ruwa yana ci da wuta. Mutum 47 suka halaka, da yawansu suna zaune ne a wani gidan shaƙatawa kusa da dogo, biyar daga cikinsu ko gawarsu ba a samu ba. An kwashe mutum wajen 2,000 daga gidajensu, babban ɓangare na tsakiyar garin ya ƙone ƙurmus.

Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Kanada ta fitar da rahotonta a watan Agusta na 2014, inda ta ƙididdige sabubba 18. A ganina babu abin da ya fi wannan adadi muhimmanci a cikin darasin nan, domin zuciyar ɗan Adam ta fi son a nuna mata mutum guda a ce shi ne mai laifi, ta huta. Alhali da a ce an bar jirgin a layin gefe, ko an gyara injin yadda ya kamata, ko akwai ma'aikaci na biyu da zai ce wa ɗan'uwansa birkin nan bai isa ba, ko an turo wanda ya san kan jirgi bayan gobarar farko, da ɗaya daga cikin waɗannan ya wadatar. Rahoton ya zargi kamfanin da raunin kula da kiyaye haɗari da ƙarancin horar da ma'aikata, ya kuma zargi ma'aikatar sufuri ta ƙasar da cewa ta daɗe tana ganin aibobin kamfanin ba tare da ta bi sawu ta tabbatar an gyara ba. Har ila yau aka gano cewa takardun kayan sun sanya man a daraja ta uku, mafi sauƙi, alhali da aka auna shi sai aka tarar ɗan daraja ta biyu ne, tururinsa ya yi kusa da na fetur. Kamfanin Irving Oil, mai matatar da za a kai wa man, ya amsa laifuffuka 34 na saɓa dokar sufurin kaya masu haɗari a 2017, aka ci shi tarar dala miliyan 4 na Kanada.

Yanzu sai mu dubi yadda doka ta bi waɗannan kafofi. Tun cikin watan na Yuli gwamnatin Kanada ta ba da umarnin gaggawa wanda ya haramta wa mutum ɗaya tafiyar da jirgi mai tankunan kaya masu haɗari, ya kuma tsananta sharuɗɗan barin jirgi babu mai tsaro. Daga baya aka shimfiɗa jadawali mai bayyana yawan birkin hannun da za a ɗaura gwargwadon nauyin jirgi da tsananin gangare, aka kuma wajabta ƙarin kariya ta biyu, don kada rayukan gari su rataya ga hannun mutum guda da ya gaji.

Sai batun tankin kansa. Irin wanda ya fashe a Lak-Megantik ana kiransa DOT-111, kaurin ƙarfensa kimanin milimita 11, kuma masu bincike sun shekara da shekaru suna faɗakarwa cewa yana saurin hujewa. A watan Mayu na 2015 Amurka da Kanada suka sanar da sabon ma'auni tare, wanda ake kira DOT-117 a Amurka: kaurin ƙarfe ya koma milimita 14 da ɗoriya, aka sanya garkuwar ƙarfe a goshi da ƙeyar tanki, aka kare bawul na sama da na ƙasa don kada su karye in tanki ya kife, aka kuma lulluɓe shi da rigar da za ta jure wuta na minti 100. Dalilin rigar nan shi ne, tankin da bai fashe ba amma wuta ke ci a ƙarƙashinsa tamkar tukunya ce rufaffiya bisa murhu: man ciki yana tafasa, ƙarfe yana laushi, har ya tsage gaba ɗaya ya watsa wuta da ɓaraguzai nesa. Minti 100 ɗin nan lokaci ne da aka saya wa jama'a don su tsere. Kanada ta hana ɗaukar ɗanyen mai a tsohon tankin daga watan Nuwamba na 2016.

Dokar Amurka ta 2015 ta kuma ƙirƙiro wani suna, jirgi mai babban haɗarin gobara, wato wanda ke da tankin aji na 3 guda 20 a jere, ko 35 a warwatse cikinsa. Irin wannan jirgi ba zai wuce gudun kilomita 80 a sa'a ba, a wasu manyan birane kuwa kilomita 64 in akwai tsohon tanki a cikinsa, kuma wajibi ne kamfani ya auna abubuwa 27 kafin ya zaɓi hanyar da zai bi da shi, ciki har da yawan jama'ar da ke bakin dogo da lafiyar dogon. Akwai tsofaffin ƙa'idodi da suka riga waɗannan, kamar sanya taragu marasa haɗari tsakanin kan jirgi da tanki, da barin sarari a cikin tanki domin mai yana kumbura in ya ji zafi, da riƙe takardar da ke nuna matsayin kowane tanki a jerin jirgi. Na'urorin da ake dasawa a gefen dogo don auna zafin boris ɗin ƙafafu kuwa, an tsananta aiki da su a Kanada ne bayan haɗarin Misisoga na watan Nuwamba 1979, inda boris guda ya yi zafi har ƙafa ta cire, tankunan gas suka fashe, aka kwashe mutum fiye da 200,000 saboda tsoron iskar guba. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, kuma a 1980 majalisar ƙasar ta zartar da dokarta ta sufurin kaya masu haɗari.

Kada ɗalibi ya ɗauka doka gaba kawai take yi. Dokar nan ta Amurka ta 2015 ta wajabta wani sabon birki mai aiki da lantarki, wanda ke kama dukkan taragu a lokaci guda, amma kamfanoni suka yi ta ƙorafin tsada, aka soke wajabcin a 2018 bisa hujjar cewa kuɗinsa ya fi amfaninsa. A watan Fabrairu na 2023 kuma wani jirgi ya goce a garin Is Falastin na jihar Ohayo, sababin kuwa boris ne da ya yi zafi, irin na Misisoga, kuma duk da guba da abubuwa masu kama wuta da ke cikinsa bai shiga ma'anar jirgi mai babban haɗarin gobara ba, saboda adadin tankunansa na aji na 3 bai kai ba. Wannan abin baƙin ciki ne ƙwarai, kuma yana nuna cewa inda doka ta ja iyaka, nan ne mai neman sauƙi zai tsaya.

Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da tattauna asalin wannan mas'ala a babin lamuni, inda suka bambanta tsakanin wanda ya aikata ɓarna da hannunsa da wanda ya zama sababinta, kamar mai haƙa rijiya a kan hanyar jama'a, ko mai hura wuta a gonarsa ranar iska har ta ci ta maƙwabci. Suka kuma sanya sakaci da ƙetare iyaka su ne ma'aunin ɗora alhaki. A Lak-Megantik an gurfanar da ma'aikata uku, ciki har da direban, bisa tuhumar sakacin da ya jawo kisa, kotu ta wanke su a watan Janairu na 2018, kuma da yawa daga mutanen garin, waɗanda suka binne 'yan'uwansu, sun ce da ma ba su ne ya kamata a tsayar ba. Shi kuwa kamfanin jirgin, inshorarsa dala miliyan 25 ce kacal, ya bayyana karyewa wata guda bayan haɗarin, sai da aka tattara fiye da dala miliyan 400 daga kamfanoni dabam-dabam da ke da hannu a safarar kafin a biya diyya. Saboda haka dokar Kanada ta 2015 ta ɗora wa kamfanonin dogo mafi ƙarancin inshora gwargwadon haɗarin kayansu, har zuwa dala biliyan 1 ga manya. Ma'anarta, wanda ba shi da ƙarfin biyan ɓarna ba shi da izinin ɗaukar abin da zai jawo ta. Alkawarin karkatar da dogo daga tsakiyar garin kuwa an yi shi a 2018, amma har aka cika shekara goma da musibar jirage na ratsa wurin da mutane suka ƙone.

Saura kason da ya hau kanmu, mu da ba direbobi ba ne ba kuma 'yan majalisa ba. Ranar 14 ga watan Fabrairu, 1998, a unguwar Nsam ta birnin Yawunde a Kamaru, tankunan jirgin ƙasa suka yi karo kusa da ma'ajiyar mai, fetur ya malala, jama'a suka taru da bokitai da jarkoki suna ɗiba, wuta ta tashi, fiye da mutum 100 suka halaka. Irin wannan ce ta faru a Majiya ta jihar Jigawa a watan Oktoba na 2024, ko da yake tankar mota ce, inda aka rasa fiye da mutum 150. Na san talauci ne ke tura mutum, ba na kuwa raina raɗaɗinsa. Amma tururin fetur ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa yana kwarara cikin kwata da kwari inda ido ba ya ganinsa, har ya iske murhun mai shayi ko tartsatsin babur a can nesa, wutar kuma ta biyo shi ta komo. Littafin jagora na masu agajin gaggawa a Amurka da Kanada ya ce in tankin mai na ci da wuta a nisanta mutane mita 800 ta kowace fuska, in na gas ne mita 1,600, a tsaya ta inda iska ke fitowa, a bisa tudu. Yanzu da ake shimfiɗa sabon dogo daga Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a 2021, zai kuma bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, haƙƙin mazauna waɗannan garuruwa ne su tambayi hukuma wane irin kaya za a riƙa wucewa da shi ta ƙofar gidajensu, wa ke duba tankuna da birki, kuma ko 'yan kwana-kwanan garin suna da kumfar kashe wutar mai.

Kafin zama na gaba, kowane ɗalibi ya lura da tankar mai ko ta gas guda uku da ya gani a hanya ko a gidan mai, ya rubuta launin allon da ke jikinta da lambobin da ke kai, in kuwa babu allo ya rubuta haka. Ya kuma auna da takunsa daga ƙofar gidansa zuwa inda mita 800 ta ƙare, ya zo mana da sunan wurin.